Lightroom ya cika maka laftop? Ga abin da ake gogewa, ga wanda ba a taɓawa, ga kuma yadda ake sa wa hotuna suna

'Yan uwa masu ɗaukar hoto, musamman masu aikin biki nan Sakkwato da kewaye, wanga rubutu naku ne. Bayan Sallah ko ƙarshen shekara in bukukuwa sunka taru, sai mutum ya buɗe This PC ya tarar layin C ya yi jawur, Lightroom na tafiya da ƙyar, Photoshop ya ƙi buɗewa yana cewa scratch disks are full, shi kuma gogan yana rantsuwa duk hotunanshi suna cikin eksitana, wato had dis ɗin waje da ake jonawa, to mi ya cika laftop ɗin? Kusan kullum firibiyu ne da kesh, wato ƙananan kofen hotuna da fayilolin wucin gadi da manhajar ke ajewa don ta yi sauri. Inda ake ɓarna kuma wurin gyara ne, mutum ya shiga folda da fushi ya yi ta goge duk abin da bai gane ba har ya haɗa da fayil ɗin da ke riƙe da editin ɗinshi na shekara da shekaru. Lightroom Classic na kwamfuta nake magana a kai, bisa Windows, don shi mafi yawanmu ke amfani da shi.

Kafin komai ka sa Windows ta riƙa nuna maka ƙarshen sunan fayil. Buɗe kowace folda, ka danna View ka sa alama ga File name extensions, in Windows 11 ce yana ƙarƙashin Show. Ba tare da wanga ba duk fayilolin Lightroom kusan suna guda za ka gani gare su, kuma a nan ake kuskuren gogewa. Sai ka shiga Pictures, ka buɗe foldar Lightroom, in ba ka taɓa canza wuri ba nan katalog ɗinka yake.

Wanda ya ƙare da .lrcat shi ne katalog. Lightroom ba ya taɓa ainihin RAW ɗinka, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ke fitarwa, duk hasken da ka ƙara, duk launin da ka gyara, taurarin da ka ba hotuna, kurof, komai cikin wanga fayil yake rubutawa. In ya tafi hotunanka na nan amma sun koma yadda sunka fito daga kyamara. Kusa da shi akwai mai ƙarewa da .lrcat-data, wanda Adobe ta ƙaro tun Lightroom Classic 11 a 2021, nan ake aje bayanan maskin irin su Select Subject da Select Sky. Shi ma ka bar shi, kuma duk inda za ka kai katalog ka tafi da shi tare. Sai Previews.lrdata, wanga shi ne babban mai cin wurin. Sai Smart Previews.lrdata in ka taɓa yin su, da foldar Backups.

To mi ya kawo firibiyu tun asali? RAW ba gamammen hoto ba ne, ko CR2 da CR3 na Canon, ko NEF na Nikon, ko ARW na Sony, sai kwamfuta ta yi lissafi kafin ta nuna maka shi, kuma in za ta yi wanga lissafi duk lokacin da ka danna kibiya zuwa hoto na gaba to ba za ka gama zaɓen hotunan kamu guda ba sai gari ya waye. Shi ya sa Lightroom ke yin ƙananan kofe ya aje gefe, su kake kallo cikin Library, sashen da ake dubawa da zaɓen hotuna. Awa mai shagon shadda ne a kasuwa da ya rataye ƙyallen kowace kala, ka duba ka zaɓa ba sai an warware maka bandir ba. In ƙyallen ya ɓata sai a sake yankowa, matuƙar dai bandir ɗin na nan.

Wurin shigo da hotuna, can dama ƙarƙashin File Handling akwai Build Previews, zaɓi huɗu ne: Minimal, Embedded & Sidecar, Standard, da 1:1. Mutane da yawa na sa 1:1 don suna ganin shi ne mai kyau, to eh yana da daɗi wurin zumin don duba ko idon amarya ya fito shar, amma cikakken girman hoton yake ginawa ga kowane guda, har da wanda anka ɗauka ango ya rufe ido da wanda wani yaro ya gitta gaban kyamara. Biki guda ka dawo da hoto dubu da ɗari biyar ko dubu biyu, wanda za ka ba masu shi bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, ka ga sauran duk asarar wuri ce da asarar caji. Ga zafin garin nan, watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, fankar laftop ta sha ƙurar hunturu ba a buɗe an hure ba, ka ɗora mata ginin 1:1 da tsakar rana, za ta rage wa kanta gudu ne don kar ta ƙone, kai kuma kana zaune kana zagin Lightroom.

Ni abin da na fi gani daidai ga aikin biki shi ne Embedded & Sidecar. Kowane RAW akwai JPEG da kyamara ta riga ta cusa cikinshi, wanda kake gani a bayan kyamara in ka ɗauka, to shi Lightroom zai ciro ya nuna maka, nan take ka fara zaɓe. Abu biyu dai ka sani. Na ɗaya launin da kake gani na kyamara ne, da ka shiga Develop, sashen editin, zai ɗan canza ya koma na Adobe, wasu har su ce Lightroom ya kashe masu kala, ba abin da ya lalace. Na biyu wasu kyamarori musamman tsoffin Sony ƙaramin JPEG suke sakawa, zumin ba zai nuna maka fokos da kyau ba, masu irin waɗanga su sa Standard. In ka gama zaɓe sai ka haɗa waɗanda ka zaɓa kawai, ka je Library, Previews, Build 1:1 Previews, ka bar shi ya yi da dare in akwai wuta kuma gari ya ɗan yi sanyi.

Yanzu settin. Edit, Catalog Settings, sai shafin File Handling, sababbin kuma sun ware mashi shafin Previews. Standard Preview Size ka daidaita shi da faɗin sikirin ɗinka ko sama kaɗan, mai 1920 ya sa 2048 ko ya bar shi Auto, mai tsohuwar laftop 1366 ya sa 1440 ya ishe shi. Preview Quality ka bar shi Medium, idonka ba zai ga bambanci ba kuma ba ruwanshi da hoton da za ka fitar, wanga daga RAW ake yin shi kai tsaye. Sai Automatically Discard 1:1 Previews, akwai bayan kwana ɗaya, sati ɗaya, kwana 30, da Never. In ka tarar naka na Never to ka kama ɓarawon. Sa sati ɗaya in kana saurin miƙa aiki, in kuma irin masu riƙe hotunan mutane ne har amarya ta fara kiran waya tana gori, sa kwana 30. Kar ka zata za ka ga wuri ya buɗe a take, a hankali foldar ke raguwa.

In kuma abin ya riga ya kai wuya, Previews.lrdata ta kai giga 40 ko 60, ana iya goge ta gaba ɗaya, Lightroom zai gina sabuwa da kanshi. Amma bi a hankali. Jona eksitana ɗinka duka, buɗe Lightroom, ka je Library ka danna Find All Missing Photos. In ya ce ba wanda ya ɓata, rufe Lightroom ruf, sannan ka goge. In ya nuna maka hotunan da ba ya gani to tsaya tukun, don in eksitanar da suke ciki ta mutu, waɗanga firibiyu su ne abin da ya rage maka na hotunan a duniya, kuma Adobe na da wani ɗan sikirif da ake ciro JPEG daga cikinsu da shi, ba za su kai na asali ba amma sun fi ka je ka ce wa mutane hotunan ɗaurin aurensu sun tafi. A irin haka ka kwashe foldar ka kai wata eksitana mai lafiya maimakon gogewa. Bayan ka goge, da ka buɗe za ka ga akwatuna masu toka-toka babu hoto, kar gabanka ya faɗi, duk foldar da ka shiga zai cika ta, sai dai eksitana ta kasance a jone. Tsoffin bukukuwa da ba ka shiga ba kuma ba zai gina masu komai ba, nan ne ribar take.

Smart Previews wani abu ne daban, tun Lightroom 5 a 2013 sunka zo. Ƙaramin DNG ne, wato irin RAW na Adobe, mai faɗin fiksel 2560 ta dogon gefe, kowane guda wajen mega ɗaya, alhali RAW na kyamara mai megafiksel 24 na cin mega 25 zuwa 30. Amfaninsu kana iya editin ba tare da eksitana ba. Misali an ɗauke ka aiki Tambuwal ko Wurno za ka kwana biyu, ko wutar unguwarku ta yi nisa za ka ɗauki laftop ka je shagon abokinka mai sola, ba sai ka saka eksitana a jaka kana hawa kabu-kabu da ita ba, su kuwa masu faifai ciki ba su son jijjiga ko kaɗan. In ka dawo ka jona, duk gyaran zai hau na asali. Mai laftop mara ƙarfi ma ya shiga Preferences, Performance, ya kunna Use Smart Previews instead of Originals for image editing, zai ji sauƙi sosai. Abin kiyayewa guda ne, in ka yi eksfot eksitana ba ta jone, daga wanga ƙaramin zai fitar maka, ya isa sitatus da Instagram amma kar ka kai shi a buga babban firem ko fotobuk. Aiki ya ƙare an biya ka, Library, Previews, Discard Smart Previews.

Sai kesh na Camera Raw, wanda Develop ke amfani da shi don hoto ya buɗe da sauri in ka sake dawowa gare shi. Yana Edit, Preferences, Performance. Giga 5 yake zuwa da shi, kuma ba ya wuce iyakar da ka sa mashi, in ya cika tsoffin yake zubarwa. Mai wuri ya kai shi 20, mai SSD 256 ya tsaya wajen 10. Ka tabbata yana bisa SSD, kai shi eksitana mai faifai ɓata lokaci ne. Purge Cache ba ya da hatsari ko kaɗan, sai dai masu danna shi kullum safiya da sunan wanke kwamfuta suna jawo wa kansu jinkiri ne kawai, a bar shi sai ana neman wuri da gaggawa.

Photoshop shi kuma in RAM ta gaza mashi sai ya ari wuri bisa C ya yi aiki, shi ne scratch disk ɗin, in ka rufe shi lafiya ya mayar. In wuta ta tafi batirinka kuma ya riga ya mutu, ko ya maƙale ka kashe shi da ƙarfi, waɗanga fayiloli na nan zaune. Rufe Photoshop, danna maɓallin Windows da R, rubuta %temp%, ka nemi masu fara suna da Photoshop Temp, guda ɗaya na iya kai giga da yawa, goge su. In ya ƙi buɗewa sam, riƙe Ctrl da Alt lokacin da yake tashi, zai ba ka dama ka zaɓi wani dis. Kuma in kana kurof ne kawai ya ce maka scratch ya cika, duba abin da ka rubuta, sau da yawa mutum ya sa 1080 yana nufin fiksel ashe ma'aunin na inci yake, ka ce ya yi maka hoto mai faɗin inci 1080 ina zai samu wuri. Wani mai cin wuri a ɓoye shi ne TIFF ɗin da ake samu in ka tura hoto daga Lightroom zuwa Photoshop don gyaran fata, masu -Edit a ƙarshen suna, na megafiksel 24 mai bit 16 ya haura mega 140 tun ba ka ƙara leya ko ɗaya ba.

Tunda an taɓo ɗauke wuta, in Lightroom ya mutu ba shiri wani lokaci zai ce katalog na buɗe a wani wuri. Je foldar, za ka ga ɗan fayil mai ƙarewa da .lock, shi kaɗai za ka goge. Mai ƙarewa da -wal ka bar shi, akwai yiwuwar gyaranka na ƙarshe na cikinshi bai gama shiga katalog ba. Foldar Backups kuma taruwa take yi, ka bar uku ko huɗu na baya-bayan nan ka share sauran, sannan in tagar bakof ta fito lokacin rufewa ka danna Choose ka mayar da shi wata eksitana, bakof da ke dis guda da katalog in dis ɗin ya tafi tare za su tafi. Kuma don Allah a sani, wanga bakof katalog kawai yake kwafa, babu hoto ko ɗaya ciki.

To mu zo ga suna, wanda ni a ganina ya fi duk na sama jawo rigima da kwastoma. Canon na ba da IMG_0001, Nikon DSC_0001, Sony DSC00001, Fuji DSCF0001, kuma lambar in ta kai 9999 komawa take farko. Mai aikin biki cikin 'yan watanni zai zagaye wagga lamba, ke nan cikin eksitanarka akwai IMG_4521 na walimar Mabera, akwai IMG_4521 na sunan Runjin Sambo, akwai na yaye ɗalibai a jami'ar Ɗanfodiyo. Ranar da kunka je aiki ku biyu kai da yaronka duk da Canon, kunka zuba memori biyu folda guda, Windows ta tambaya ko a maye gurbin masu suna iri ɗaya, hannu ya riga hankali ya danna Replace, shi ke nan.

Tsarin da ba ya ba da matsala shi ne kwanan wata, sunan aiki, lamba. Misali 20250412_Kamu-Mabera_0001. Shekara ce farko, sai wata, sai rana, don in ka jera da suna su bi juna daidai yadda anka yi su, in ka fara da rana irin yadda munka saba rubutawa to 01 ga Disamba zai hau saman 12 ga Afrilu. Lambar ka ba ta gurbi huɗu da sifili a gaba, in ba haka ba wasu manhajoji da talabijin ɗin da ake jona filash za su jera maka 1, 10, 100, sannan 2. Kar ka sa layin nan mai karkata na kwanan wata, Windows ba ta karɓarshi cikin suna, haka alamar tambaya da ɗigo biyu da tauraro. Haruffanmu masu lanƙwasa ma, ɗ da ƙ da ɓ, duk da ina son ganinsu a rubutu, cikin sunan fayil ka rubuta Daurin-Aure kawai, don kwamfutar wurin wanki da bugu wata tsohuwar manhaja gare ta, sai sunan ya fito da akwatuna ko fayil ɗin ya ƙi buɗewa kai kana can gida ba ka sani ba. Kuma a rage dogon suna da folda cikin folda cikin folda, su New folder 3 da final da final na gaske, Windows na fara gardama in hanyar fayil gaba ɗaya ta wuce haruffa 260.

Yadda ake saitawa, wurin shigo da hotuna buɗe File Renaming ka sa alama ga Rename Files, in ba ka ga wanga sashe ba to Add ka zaɓa a sama, sai da Copy ko Move yake fitowa. Ga Template ka danna Edit, share abin da ke akwatin, saka Date mai YYYYMMDD, layin ƙasa wato _, Custom Text, layin ƙasa, sai Sequence mai 0001. Ka aje shi da suna, daga ranar sunan biki kawai za ka riƙa rubutawa.

Sai dai ga biki ni na fi son a jinkirta sa lambar sai an gama zaɓe. Dalili, in ka sa tun farko sannan ka cire marasa kyau, lambobin za su yi giɓi, kuma wallahi akwai ƙawar amarya da za ta zauna ta lura daga 0346 an tsallaka 0349, ta kira ka ta ce Malam ina biyun da ka ɓoye. To ka shigo da su da sunan kyamara cikin folda daban-daban ga kowane memori, in kyamara biyu ce kuma agogonsu bai daidaita ba ka zaɓi na ɗayar duka ka gyara da Metadata, Edit Capture Time, ka jera da Capture Time, ka yi zaɓenka, sannan ka haɗa su ka danna F2 cikin Library ka sa tsarin nan. Lightroom na riƙe tsohon sunan cikin bayanan hoton ko da ka canza.

Da zarar masu biki sun ga hotuna da waɗanga sunaye, an rufe maganar canza suna. Wurin eksfot ma ka bar JPEG ya ɗauki sunan RAW ɗinshi sak, don in Hajiya ta ce 0212 take so a yi mata firem ka rubuta lambar ka same shi nan take ko bayan shekara uku ne. Ka tura masu ta WhatsApp a matsayin Document, yana barin sunan da ingancin, in ka tura a matsayin hoto zai matse shi ya kuma ba shi nashi suna irin IMG-20250412-WA0031, ranar da anka dawo maka da shi sai ka bi ɗaruruwan hotuna da ido kana neman mai irin ɗaurin kallabin.

Canza suna ko matsar da folda kuma cikin Lightroom ake yi, ba cikin Explorer ba. Katalog adireshin hoto ya riƙe, in ka canza a bayan idonshi za ka ga alamar motsin rai bisa hoton, folda kuma alamar tambaya. In folda ce ka matsar da sauƙi, danna ta da dama ka zaɓi Find Missing Folder ka nuna mashi babbar ta sama, sauran za su biyo. In sunayen fayiloli ka canza a waje to ɗaya bayan ɗaya za ka yi ta nuna mashi, Allah ya ba da haƙuri. Masu fayil ɗin .xmp kusa da RAW, ɗan fayil mai riƙe da kofen gyaran hoton, su ma su sani dole sunansu ya zama iri ɗaya, in sunka rabu gyaran ya rabu da hoton. Wani lokaci kuma ba ka taɓa komai ba duk foldodin sun yi alamar tambaya, harafin eksitana ne ya canza, jiya E ce yau ka riga ka jona filash ta koma F. Shiga Disk Management, danna ta da dama, Change Drive Letter and Paths, ka ba ta harafi na can nesa awa P ko S wanda ba mai ƙwace mata, ka nuna wa Lightroom sau ɗaya.

Daga kyamara ma ana rage aikin. File Numbering ka bar shi Continuous kar ya riƙa komawa 0001 duk sanda ka yi fomat. Nikon da Sony da manyan Canon na bari ka canza haruffan farkon suna, ka sa taka ta zama AAA ta yaronka BBB ko haruffan shagonku, ko an zuba su wuri guda ba za su yi karo ba. Kafin ku fita ku aje kyamarorin gefe da gefe ku daidaita agogonsu da na waya har daƙiƙa, kuma memori ba a yi mashi fomat sai hotunan sun zauna wuri biyu daban, ka kuma buɗe kaɗan daga ciki ka ga suna buɗewa.